Fagen Wasanni: Jera Gwanaye da Wasan Share Fage a Ƙwallon Kwandon Jami'o'in Amurka

Kowace shekara idan watan Maris ya kama, hankalin mutanen Amurka yakan koma kan gasar ƙwallon kwando ta jami'o'insu, wadda hukumar NCAA ke shiryawa, har suka yi mata laƙabi da Haukar Maris. An fara ta a 1939 da ƙungiyoyi 8 kacal, aka yi ta ƙari har suka kai 64 a 1985, daga nan 65 a 2001, sa'an nan 68 a 2011. Gasar sili-ɗaya-ƙwale ce, watau wanda aka kayar sau ɗaya ya naɗe tabarmarsa sai baɗi.

Ƙofa biyu ake bi a shiga. Jami'o'in sun kasu rukuni-rukuni, kuma zakaran kowane rukuni yana da gurbinsa ba tare da roƙon kowa ba. Sauran guraben wani kwamiti ne ke rabawa ga ƙungiyoyin da suka yi bajinta a kakar wasa amma kofin rukuninsu ya kuɓuce musu. A gasar 2025, zakaru 31 ne suka shiga ta ƙofar farko, 37 kuma ta ƙofar kwamiti.

Bayan zaɓe sai jeri. Kwamitin yakan jera ƙungiyoyin tun daga gwani na gwanaye har zuwa kurar baya, ya kasa su shiyya huɗu, ya ba su lamba daga 1 zuwa 16 a kowace shiyya. A zagayen farko mai lamba 1 yakan kara da mai lamba 16, na 2 da na 15, haka har zuwa na 8 da na 9. Hikimar ita ce kada manya su kashe juna tun da sassafe, kuma wanda ya sha wahala a kakar wasa ya ga amfanin guminsa.

To, amma 68 ba za ta rabu gida huɗu na 16 ba, akwai rarar huɗu. Wannan ne ya haifi wasannin share fage na tsarin 2011, waɗanda aka saba yi a birnin Dayton na jihar Ohayo. Ƙungiyoyi takwas ke bugawa, huɗu su wuce. Rabinsu su ne na ƙarshe cikin waɗanda kwamiti ya ɗauko, galibi suna neman lamba 11. Sauran rabin kuwa zakarun ƙananan rukunoni ne masu neman lamba 16. Wanda ya fito ta nan sai ya ci wasa bakwai kafin ya ɗaga kofi, alhali saura shida suke bukata.

Nan fa gardama take. Masu goyon bayan tsarin suna cewa ƙaramar jami'a takan sami karawa da tsararta a idon ƙasa baki ɗaya, kuma kowane wasa da ta buga yana ƙara wa rukuninta kason kuɗin talabijin. Wannan gaskiya ne. Amma fa zakaran ƙaramin rukuni da hannunsa ya ci gurbinsa, ba alfarma aka yi masa ba. Idan har sai an tsayar da wani a bakin zaure, wanda ya fi cancanta shi ne wanda kwamiti ya ɗauko bisa ra'ayi. Adalci shi ne dukan guraben takwas su zama na irin waɗannan.

Bugu da ƙari, tarihi ya nuna lamba hasashe ce kawai. A 1983 Jami'ar Houston, mai lamba 1, wadda ɗan Nijeriya Hakeem Olajuwon ke yi wa wasa, ta sha kashi a wasan ƙarshe a hannun Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa, mai lamba 6, da ci 54 da 52, ko da yake shi aka zaɓa gwarzon gasar. A 2011 VCU ta taso daga share fage har wasan kusa da na ƙarshe, UCLA ma ta yi haka a 2021. A 2018 UMBC ta zama mai lamba 16 ta farko da ta kayar da mai lamba 1 a gasar maza, inda ta lallasa Bajiniya da ci 74 da 54. A 2023 kuwa Fairleigh Dickinson, bayan ta tsallake share fage, ta fitar da Purdue da ci 63 da 58.

Saboda haka kwamiti na iya jera sunaye yadda ya ga dama, amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ƙananan zakarun da suka nuna irin wannan jarunta sun cancanci a bar su su shiga fage kai tsaye kamar kowane zakara.