Ba Sai Mai Fure Ke Ƙawata Wuri Ba

'Yan'uwana ɗalibai, maganata a kan tukwane huɗun nan ce da ke bayan ɗakin kwananmu, kusa da famfo, waɗanda na ji ana cewa za a zubar a dasa fulawa a madadinsu. Ni dai ban yarda ba.

Tsiron da ke cikinsu shi ne wanda littafinmu na Bayoloji ke kira fan. Ganyensa kamar ƙaramin reshen dabino, sabon tohonsa kuwa a nannaɗe yake fitowa kamar gammo, ya riƙa warwarewa a hankali. Malaminmu na aikin gona ne ya zo da shi daga Kudu, inda yake fitowa da kansa a jikin itacen kwakwar manja. Ashe ma ba baƙo ba ne ƙwarai, don agugu, maganin tsilar nan na gargajiya, saiwar wani danginsa ce.

Masu son a zubar suna cewa ba ya fure, ba ya 'ya'ya, sai shan ruwa. Haka ne, ba ya fure. Amma danginsa sun fi shekara miliyan 350 a duniya, tun kafin a sami tsiro mai fure ko ɗaya, kuma sun fi iri 10,000. Ɗige-ɗigen nan masu launin ƙasa da ke bayan ganyen, a cikinsu garin da yake yaɗuwa da shi yake. Bara wani siniya ya ɗauka cuta ce, ya sa muka yanke ganyen tukunya guda ƙaf. Muna yanka ina jin takaici, amma wa ya isa ya yi musu da siniya?

Batun ruwa kuwa, na alwala da ke malala a banza muke tara masa a bokiti, ban da mai sabulu. Da hunturu ne yake wahala, bakin ganyen ya bushe ya yi ja, sai mun matso da tukwanen wuri ɗaya muna yayyafa musu safe da yamma. Sa'an nan wurin nan inuwa ce wuni zubur. Fulawar da ake so rana take so. In an dasa ta can, ramewa za ta yi. Fan kuwa inuwar yake nema.

Roƙona ga Hedimasta shi ne a bar mana su zuwa farkon damina. Za mu raba saiwar, mu zuba ruɓaɓɓen ganye da yashi a tukwane masu huji a gindi, huɗu su zama takwas. Ban ruwan hutu kuma, mun riga mun roƙi Baba maigadi, ya ce ya ji.