Mutum 982 cikin minti uku: da me ake auna labari a wasannin intanet?

A tsakiyar shekarar 2018, kamfanin Blizzard na Amurka ya ba masu buga World of Warcraft wani aike da babu mai iya cika shi. Birnin Darnassus, wanda aka gina bisa rassan wata katafariyar bishiya mai suna Teldrassil, yana ci da wuta. Aka ce wa duk ɗan wasan da ke ɓangaren Alliance ya kuɓutar da mutum 982, aka kuma ba shi minti uku. Sai ya yi ta gudu cikin hayaƙi, ya kashe wuta nan, ya janye wani can, lissafi yana hawa a hankali, agogo kuwa yana sauka da sauri. Kafin ya kai ko'ina lokaci ya ƙare. Ƙwararre da ɗan koyo duk haka suka tashi, domin da gangan aka ƙera aiken don a kasa.

Cikin waɗannan minti uku babu zaɓi ko ɗaya. Duk da haka suna cikin abin da aka fi tunawa a wannan babi na wasan, alhali a babin ne kamfanin ya ba da wani babban zaɓi na siyasa wanda ya tashi a tutar babu. Wannan kaɗai ya isa ya sa a sake duba ma'aunin da masu sharhi suka fi ɗauka, wato ƙidaya yawan rassan labari da yawan wuraren da aka ce wa ɗan wasa ya zaɓa.

Ga wanda bai saba da irin waɗannan wasanni ba, tsarinsu shi ne dubban mutane su shiga duniya guda ta intanet, duniyar takubba da tsafi da dodanni, kowa da jarumin da ya ƙera wa kansa. Mutanen cikin wasan, waɗanda kwamfuta ke sarrafawa, su ne ke ba da aike: je ka kashe kaza, ɗauko kaza, kai wa wane saƙo. Ta cikin waɗannan aike-aike ake saƙa labari. Harkar ba ta yara kaɗai ba ce. World of Warcraft, wanda ya fito a Nuwamba 2004, ya taɓa kai masu biyan kuɗin wata miliyan 12 a 2010, kuɗin kuwa kusan dala 15 ne a wata. Wanda ya zuba ɗaruruwan sa'o'i da kuɗinsa yana da haƙƙin ya tambayi abin da aka ba shi.

Matsalar da ke gindin komai ita ce duniyar ta tarayya ce. A wasan mutum ɗaya, in ɗan wasa ya kashe sarki, sarki ya mutu ke nan. A wasan tarayya kuwa akwai wasu dubu da ke layi, kowa yana jiran ya kashe sarkin nan, don haka dole gawa ta miƙe bayan 'yan mintoci. Tun daga 2008 Blizzard ya riƙa amfani da wata dabara ta nuna wa kowane ɗan wasa fuskar wuri gwargwadon inda ya kai a labari, ta yadda wanda ya ga yaƙi zai tarar da kufai, wanda bai kai ba kuma ya tarar da sansani a tsaye. Dabarar ta yi amfani, sai dai ta kan raba abokai biyu da ke tsaye a wuri guda har su daina ganin juna. Kuma ba ta warware babbar tambayar ba: babi na gaba da za a rubuta, a kan zaɓin wa za a ɗora shi?

The Elder Scrolls Online, na kamfanin ZeniMax, wanda ya fito a 2014, ya nuna amsar da kamfanoni suka fi bayarwa. A ƙarshen babban labarinsa ana tilasta wa ɗan wasa ya sadaukar da ran ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa uku: Lyris Titanborn, Sai Sahan, ko tsohon sarki Varen. An shirya wurin da kyau, kuma mutum ya kan daɗe yana juya abin a ransa. Sai ga Sai Sahan ya dawo a wani babi na 2019, Lyris kuma a na 2020, har ga waɗanda suka sadaukar da su da hannunsu, da 'yan jimloli na bayani don rufe ɓaraka. Marubutan suna buƙatar jarumansu, kuma ba za su iya rubuta labari uku ba. Uzurin a fili yake. Amma wanda aka yi wa haka sau ɗaya ya riga ya koyi darasi, duk wani zaɓi da aka miƙa masa nan gaba da murmushi zai karɓe shi.

Batun ɓangare ya fi wannan zurfi. A World of Warcraft mutum yana zaɓar Horde ko Alliance ne a allon farko, tun bai taka ƙasar ba, bai san tarihin kowa ba. Sau da yawa abin da ke yanke hukunci shi ne siffar jarumin da ta burge shi, ko ɓangaren da abokansa suke. Ya fi kama da yadda ɗan kallon dambe ke tashi ya ga kansa a Kudu, ko Arewa, ko Guramada, kafin ya san sunan ɗan dambe ko ɗaya. Amma kamfanin ya gina katanga ta gaske a kan wannan zaɓi na makanta. Ɗan Horde in ya rubuta magana, ɗan Alliance surkulle kawai yake gani a allonsa. A da ba sa haɗa tawaga, ba sa ciniki kai tsaye, kuma masu gadin birnin wancan ɓangare kisa suke yi. Shekara da shekaru wannan katanga ta haifar da kishin ƙungiya da babu wani rubutaccen labari da zai iya haifarwa. Mutane sun ƙi jinin abokan gaba ne saboda an taɓa yi musu kwanton ɓauna a dajin Stranglethorn, abin da ya same su da kansu, ba wanda aka ba su labari ba.

A nan ne babin 2018, Battle for Azeroth, ya yi tuntuɓe. Shugabar Horde, Sylvanas Windrunner, ita ta ba da umarnin ƙona Teldrassil da fararen hular da ke cikinta, kuma 'yan wasan Horde su ne suka share wa rundunarta hanya, aike bayan aike, ba tare da an tambaye su ba. Da yawa sun ji an shafa musu kashin kaji. Da ƙorafi ya yi yawa, sai a ƙarshen shekarar aka ba su dama: ko su bi tsohon mayaƙi Varok Saurfang da ya bijire, ko su ci gaba da biyayya ga Sylvanas. A takarda wannan babban zaɓi ne, irin wanda ake tallata wasa da shi. A aikace, mai biyayya ma kusan aike-aiken 'yan tawaye ya yi, da sunan leƙen asiri. A Satumba 2019 Saurfang ya mutu a ƙofar Orgrimmar, Sylvanas ta yi watsi da Horde baki ɗaya, mai biyayya ya samu 'yar ganawa ta ban kwana, sannan kowa ya koma layi guda. An ba mutum zaɓi a kan abin da aka riga aka rubuta ƙarshensa, bayan an hana shi zaɓi a wurin da lamirinsa ya fi buƙata.

Abin lura, wasan ya taɓa yin zaɓi mai tsada. A 2007, a birnin Shattrath, ɗan wasa yana zaɓar Aldor ko Scryers, kuma kusantar ɗaya nisantar ɗaya ne: unguwar waɗanda ya bari ta zama haramtacciya gare shi, komawa kuma sai da doguwar wahala. Duniya ta tuna da wannan zaɓi. Aibinsa shi ne yawancin mutane jerin ladan kowane ɓangare suka duba, suka ga wanda ya dace da sana'ar jaruminsu, suka bi. Tsadar ta tabbata, amma lissafin kasuwa ne ya yanke hukunci.

Final Fantasy XIV na kamfanin Square Enix na Japan ya bi wata hanya dabam, kuma shi ne hujja mafi ƙarfi a kan masu ƙidayar rassa. Wasan ya fito a 2010 ya faɗi warwas. Aka damƙa shi ga Naoki Yoshida, wanda ya rufe tsohuwar duniyar a Nuwamba 2012 ta hanyar saka rufewar cikin labarin kansa: wani jan wata ya yi ta kusantowa a sararin sama na tsawon watanni, 'yan wasa suna kallo, har ya fashe dodo ya fito ya ƙone ƙasar. A Agusta 2013 aka sake buɗewa. Akwai rundunoni uku da mutum zai iya shiga, amma sauya sheƙa abu ne mai sauƙi, kuma ba ya taɓa labari. Hanya ɗaya ce kowa ke bi, babu reshe. Da yake marubutan sun san tabbas abin da kowane ɗan wasa ya gani, sun iya dasa abu a 2013 su girbe shi bayan shekara shida ko takwas.

Girbin ya zo a Shadowbringers na 2019, wanda Natsuko Ishikawa ta jagoranci rubuta babban labarinsa. Abokin gaba, Emet-Selch, ya sake gina inuwar birninsa da ya hallaka, Amaurot, a ƙarƙashin teku. Ɗan wasa ya shiga, aka aike shi ofis ya yi rajista, ya zauna a kan benci yana jiran a kira shi. Aike ne irin wanda ake raina wa waɗannan wasanni, zaman jira a ofis. Amma a wannan zama ne mutum ke fahimtar irin mutanen da aka rasa, masu ladabi da son muhawara, ya kuma gane cewa mugun da zai yaƙa mai makoki ne. Ba a tambayi ɗan wasa ko zai yafe masa ba. An bar shi ya ɗauki takobi yana sane da abin da zai kashe. A Endwalker na Disamba 2021, wanda cunkosonsa ya sa kamfanin dakatar da sayar da wasan na ɗan lokaci, an ƙwace wa ɗan wasa jikin jaruminsa aka saka shi a na wani raunannen soja, ya ratsa kufai cikin sanyi, har ya ƙare da jan ciki. Wasu sun tsani wannan aike saboda wahalarsa. Jiki magayi, ai wahalar ce saƙon.

Kada a ɗauka wasan ya tsira daga zargi. Farkonsa cike yake da kai-komo marar dalili, har da inda ake tura jarumi ya tattaro kayan liyafa, da cuku da ruwan inabi, alhali wani dodo yana shirin rusa ƙasa. Kamfanin da kansa ya amsa laifi a 2020, ya datse wani kaso na waɗannan aike-aike. Kuma mai cewa labarin da ba shi da zaɓi fim ne kawai da aka yayyanka yana da abin faɗa, domin akwai sa'o'i masu yawa da ɗan wasa ba ya komai sai danna maɓalli don jimla ta gaba ta fito.

Bambancin aike mai kyau da marar kyau bai tsaya ga nau'in aikin ba. Kusan duka ɗauko da kai wa ne. Abin tambaya shi ne ko abin da hannu ke yi yana faɗin abin da labarin ke son faɗa. A tsohon World of Warcraft akwai wani Orc mai suna Mankrik da ke roƙon a nemo masa matarsa a filin Barrens. Babu alama a taswira, kwatancen kuma bai wadatar ba, sai mutane suka yi ta yawo suna tambayar juna, har tambayar ta zama abin barkwanci na shekaru. Wanda ya dage, gawarta yake tararwa kusa da wata bukka. Ɓatan da ya yi shi ne neman. Da aka saka alamomin aike a taswira a ƙarshen 2009, an sauƙaƙa wa mutane rayuwa, an kuma rufe ƙofar irin wannan labari. A gefe guda akwai shafuka 15 na wani littafin mafarauci da aka warwatsa a Stranglethorn, suna cika jaka ba tare da sun ce komai ba. Wanda ya tsara shi, Jeff Kaplan, ya fito bainar jama'a a 2009 ya yi tir da aikin nasa. RuneScape na kamfanin Jagex na Ingila kuwa ya mai da cutar abin dariya: a aiken One Small Favour, 'yar alfarma guda ta haifi wata, ta haifi wata, har mutum ya kewaye rabin duniya, kuma wasan yana sane da abin da yake yi masa.

Katangar ɓangarori dai ta zube, kuma ba marubuta ne suka rushe ta ba. ZeniMax ya buɗe wa kowa duk ƙasashen ƙawancensa uku a 2016, ya bar gaba a fagen yaƙin Cyrodiil. Blizzard ya jure har 2022, lokacin da rinjayen Horde a tsakanin ƙwararrun 'yan wasa ya sa 'yan Alliance wahalar samun tawaga, sai ya halatta haɗa tawaga tsakanin ɓangarorin biyu, a 2023 kuma ya halatta ƙungiya guda. Matakin daidai ne ga mutanen da ke son wasa da abokansu. Labarin ne aka bari da bashin da bai biya ba. A ƙarshen 2023 aka ba mutanen Teldrassil sabuwar bishiya, Amirdrassil, kuma cikin waɗanda suka tsaya kare ta har da jaruman Horde da suka share hanyar ƙona ta farko. Ɗan Horde yana iya shiga sabon garin da aka gina a gindinta, ya zaga yadda ya so. Abin da ya rage na mutum 982 shi ne wata 'yar alama a gefen allo da ke sanar da shi cewa masu gadi sun sa masa ido.