Wa Zai Tsare Mutuncin 'Ya'yan Talakawa?

Jama'a, ku saurara. 'Ya'yanmu na Kutama da ƙauyukan Gwarzo da Kabo suna shiga Kano neman wasan fim. Kafin a ba su dama, sai su kama aikin kai kwano a gidajen sayar da abinci. Can mai gida ya danne musu lada, mai kuɗi ya riƙe hannun yarinya. In ta ƙi, a kore ta. In ta kai kuka, a ce ai 'yar fim ce.

Dokar 2024 ta yanke ƙaramin albashi naira 70,000, amma ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba. Ashe an bar 'ya'yanmu a hannun kura ke nan! Tun 2001 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai don gyaran tarbiyya. To, tarbiyyar mai cin zali fa, wa ke tace ta?

Muna kira a shigar da ƙananan ma'aikata cikin dokar nan. Ku kuma 'yan kasuwa, gidan da aka wulaƙanta 'yar talaka, kada ku ƙara kai kwabonku can.

Allah ya ba mu sawaba, amin.