Tsada daban, ƙarfi daban

Makon jiya, lokacin shan iska, na tarar da yaran ajina suna gardama kan hoton wata tsohuwar motar Amurka a waya. Ɗaya ya ce tunda ta fi tsada, dole ta fi gudu. Abokin aikina ya ce shirme ne, in kore su. Ban yarda da yaron ba, malamin ma ban yarda da shi ba.

Motocin nan masu ƙaton inji sun yi tashe a Amurka daga 1964, shekarar da Pontiac GTO ta fito. Chevrolet Chevelle SS 454 ta 1970 tana da ƙarfin doki 450. Ford Mustang ta 1968 da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt ba ta kai haka ba, amma a 2020 an sayar da ita a gwanjo fiye da dala miliyan 3, dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba. Plymouth Hemi Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi tana da ƙarfin doki 425, ta kuma kai miliyan 3 da rabi a 2014, don ba a ƙera ko ashirin irinta ba. Ashe masu tara motoci ba gudu suke saye ba. Ƙaranci suke saye, da labari. Tashen ma bai daɗe ba. Dokokin hayaƙi, tsadar inshora da rikicin man fetur na 1973 suka durƙusar da motocin.

To, ina shirmen a nan? Ga lissafi, ga tarihi, ga tattalin arziki a hoto guda. Mu malamai muna kukan yara ba sa son karatu, amma duk abin da ya ja hankalinsu sai mu ce wasa ne. Yaron da ya girma yana zaton mai tsada shi ne mai kyau, gobe a kasuwar Maradi ɗan kasuwa zai yanke shi, ɗan siyasa ma ya ruɗe shi da doguwar mota.

Iyaye, in ɗanku ya nuna muku irin wannan hoto, kada ku yi saurin tsawa. Ku tambaye shi: me ya sa ta yi tsada? Ni dai na rubuta alƙaluman a allo, kuma ranar ko ɗaya bai yi gyangyaɗi ba.