Ana Yabon Juriyarsu, Katangar Tana Nan

Richard Carmona bai kammala sakandare ba. Ya tashi a unguwar Harlem ta birnin New York, cikin iyali 'yan asalin Puerto Rico masu fama da talauci, ya bar makaranta ya shiga soja, kuma a can ne ya sami takardar da ke daidai da shaidar gama sakandare. A shekarar 2002 aka naɗa shi Babban Likitan Gwamnatin Amurka, wanda ƙasa ke saurare idan maganar lafiyar jama'a ta taso. Kafin shi, a 1990, Antonia Novello ta hau wannan kujera, mace ta farko kuma 'yar Latino ta farko. Ita ma ta yi ƙuruciyarta a Puerto Rico tana fama da ciwon hanji da aka haife ta da shi.

Amurkawa na ƙaunar irin wannan labari. Jami'o'i na buga hotunan 'ya'yan masu aikin gona da masu share ofisoshi sanye da rigar kammala karatu, ana tafi. Yabon ya cancanta. Sai dai yawan tafin kan ɓoye tambayar da ta fi nauyi: me ya sa har yanzu sai da jarumta ɗan Latino ke kai wa ga aikin da ƙasar ke matuƙar buƙatar ya yi?

Ƙidayar 2020 ta nuna 'yan Latino, wato masu asali daga Meziko, Puerto Rico, Kuba da sauran ƙasashen Latin Amurka, sun haura miliyan 62, kusan kashi 19 cikin ɗari na al'ummar ƙasar. Amma cikin likitoci ba su wuce kimanin kashi 6 ba. A fannin kiwon lafiyar jama'a wannan giɓi ya fi ciwo, domin fannin ya shafi rigakafi, tsaftar ruwa, bin sawun annoba da lallashin mutane su sauya ɗabi'a, kuma duk waɗannan jarinsu amana ce. Wanda ya tuna yadda aka ƙaurace wa allurar shan inna a Kano a 2003 ya san cewa magani na iya kasancewa a hannu, mutane su ƙi shi idan ba su yarda da mai kawo shi ba.

'Yan Latino suna da dalilin ɗari-ɗari. Zuwa tsakiyar shekarun 1960, kimanin kashi ɗaya cikin uku na iyaye mata masu shekarun haihuwa a Puerto Rico an yi musu aikin hana haihuwa na dindindin, da yawa ba tare da cikakken bayani ba. Likitar yara Helen Rodríguez Trías ta yi shekaru tana yaƙi da wannan zalunci, daga baya ta zama 'yar Latino ta farko da ta shugabanci Ƙungiyar Kiwon Lafiyar Jama'a ta Amurka. Irin wannan tarihi ba ya goguwa da takardar sanarwa da aka fassara zuwa Sifaniyanci.

A nan ne darajar waɗannan ɗalibai take. Yarinyar da tun tana shekara tara take yi wa mahaifiyarta tafinta a gaban likita ta san inda magana ke ɓacewa tsakanin asibiti da gida. Ta san dalilin da zai sa magidanci mai tari ya ƙi zuwa gwaji: ranar da bai fita aiki ba babu albashi, ga kuma tsoron jami'an shige da fice. Annobar korona ta tona wannan asiri. Yayin da wasu ke aiki daga gida ta intanet, 'yan Latino da yawa suna gonaki da masana'antun sarrafa nama, kafaɗa da kafaɗa, har matsakaicin tsawon rayuwarsu ya ragu da kimanin shekara huɗu a 2020 kaɗai. A unguwanni da dama, matan da ake kira promotoras, ma'aikatan lafiya daga cikin al'umma, su suka bi gida-gida suna bayanin rigakafi.

Duk da haka hanyar karatun cike take da shinge, kuma yawancinsu doka ce ta kafa su. Tun 1982 Kotun Ƙoli ta yanke cewa yaron da ba shi da takardun zama yana da haƙƙin karatun firamare da sakandare, amma daga ƙofar jami'a tallafin gwamnatin tarayya ya haramta gare shi. Shirin DACA da Shugaba Obama ya ƙirƙiro a 2012 ya ba waɗanda aka shigo da su suna yara izinin aiki, sai dai ana sabunta shi duk bayan shekara biyu, bai ba da zama ɗan ƙasa ba, kuma ya daɗe yana yawo a kotuna. Jihar Texas, wadda tun 2001 take barin irin waɗannan ɗalibai su biya kuɗin makaranta kamar 'yan jiha, ta rufe wannan ƙofa a 2025. A 2023 kuwa Kotun Ƙoli ta hana jami'o'i la'akari da launin fata ko ƙabila wajen ɗaukar ɗalibai.

Wasu za su ce ai Carmona ya tsallake, don haka kowa na iya tsallakewa. Wannan hujja ce mai rauni, domin ana ƙirga waɗanda suka haye ne kawai. Wanda ya ajiye karatu a shekara ta biyu don ya biya wa iyayensa kuɗin haya ba ya shiga mujallar jami'a. Ko wanda ya haye ɗin ma, yakan fito da bashin karatu a wuya, ya tarar albashin ma'aikatar lafiya ta ƙaramar hukuma bai kama ƙafar na asibiti mai zaman kansa ba, ga ƙannensa uku a gida suna jiran nasu kuɗin makarantar.