Motar Lantarki: Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

Jama'a, tun watan Mayu na 2025 da Jakadan ƙasar Sin ya ziyarci Ministan Ma'adinai a Abuja, aka ba da labari wai kamfanonin ƙasarsa suna da niyyar kafa ma'aikatun haɗa motocin lantarki a Nijeriya, zancen nan bai kwanta ba. A tasha ana yinsa, a rumfunan kasuwa ana yinsa. Wani ya ce motar za ta yi araha, wani ya ce daga ranar an gama da 'yan bumburutu, wani kuma ya ce duk tatsuniya ce. To, ko ba daɗe ko ba jima za a kira taro, a kafa rumfa, a lulluɓe mota da ƙyalle, a gayyato manya su yaye. Tun da kowa yana faɗin abin da yake tsammani, bari mu ma mu faɗi namu, domin talakan Kumbotso da manomin Kura da Bunkure su san abin da za su buɗe ido su duba a wannan rana.

Ba sai mun je wurin mai duba ba, gama an taɓa yin irin wannan biki. A watan Nuwamba na 2020 Gwamnan Ikko ya yaye ƙyallen wata mota mai suna Hyundai Kona, wadda kamfanin Stallion ya haɗa, aka ce ita ce motar lantarki ta farko da aka haɗa a ƙasar nan. A 2021 aka kawo ta Abuja, har Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya shiga ya tuƙa ta ana tafi. An ce in an cika batirinta tana yin tafiyar kilomita 482. Kuɗinta kuwa wajen Naira miliyan 24, a lokacin da mafi ƙarancin albashin ma'aikaci yake Naira 30,000 a wata. Ku yi lissafi da kanku. Masinja ko leburan gwamnati zai yi wata 800 yana tara albashinsa kaf, bai ci ba bai sha ba, watau shekara 66 da 'yan watanni, kafin ya riƙe makullinta. Mai karatu, tsakaninka da gaskiya, daga wancan biki zuwa yau guda nawa ka gani a kan titin Zariya?

Saboda haka ga abin da muke tsammani za a nuna in an yaye sabon ƙyalle. Za a nuna mota mai walƙiya, mai kujeru masu taushi, wadda ba ta ƙara ba ta hayaƙi. Wani babba zai shiga ya zagaya fili da ita. Za a yi jawabi mai tsawo a kan ci gaba, a ce Nijeriya ta shiga sahun manyan ƙasashe, a ce matasa za su sami aiki. Duk wannan mun san za a yi. Abin da muke tsoron za a bari a ƙarƙashin ƙyallen shi ne abin da ya shafi talaka, kuma shi muke so mu tono tun yanzu.

Kada wani ya ce muna ƙin motar lantarki ne. Ko kusa. Wanda ya fi kowa bukatarta shi ne wanda tsadar mai ta fi ƙona wa jiki. Tun ran 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta yi ta hawa har ta wuce Naira 1,000 a ƙarshen 2024. Wa ya biya? Direban A Daidaita Sahu ya biya, ya ɗora wa fasinja. Mai akori-kura ya biya, ya ɗora wa manomin da ya ɗauko buhun shanshera daga Kura. Ɗan kasuwa ya ɗora wa mai cefane. Ga kuma lissafin ɗaya gefen. Batirin waccan Kona yana cin yunit 64 na wuta. A farashin Naira 225 da aka sa wa masu layin da ake kira Band A a watan Afrilu na 2024, cika shi bai kai Naira 15,000 ba. Motar fetur kuwa in za ta yi wannan tafiya sai ta sha wajen lita 40, kun ga a farashin ƙarshen 2024 ana maganar Naira 40,000 ke nan. Ashe akwai sauƙi a cikin abin, in har sauƙin zai iso hannun mai bukata.

To, amma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tambaya ta fari da za mu yi a ranar bikin ita ce, ina za a yi cajin? Mu mutanen Kumbotso mun fi kowa cancantar yin wannan tambaya, domin a ƙasarmu babbar tashar da ke karɓo wuta daga Kaduna take, daga nan ake rarraba wa Kano da maƙwabtanta. A ƙasarmu kuma aka kafa tashar hasken rana mai megawat 10, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Janairu na 2023. Manyan wayoyi suna wucewa ta bisa kanmu, amma ku tambayi mai niƙa da mai walda da mai sayar da ƙanƙara awa nawa suke ganin wuta a yini. Ba mu manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ke biyowa ta Binuwai shi ma ya sami matsala, Kano da jihohin Arewa da yawa suka yi fiye da mako guda a cikin duhu. Da a ce abincin mutum yana kan motar lantarki a makon nan, me zai kai wa iyalinsa?

Ƙasar Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin fetur a 2024, amma ba da ka ta yi ba. Ta daɗe tana gina babbar madatsar ruwa a kan Kogin Nilu, wadda aka buɗe a watan Satumba na 2025, mai ƙarfin fiye da megawat 5,000. Madatsa guda ke nan, kuma ƙarfinta ya kai kusan abin da ake rarraba wa Nijeriya duka, ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200. Su sun tanadi kiwo kafin su sayi doki. Duk wanda ya yaye mana ƙyallen mota bai nuna mana wurin caji ba, lalle talla ya zo yi.

Tambaya ta biyu, wace irin mota ce? Ku dubi yadda ƙasarmu take. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwa yake gangarowa ta magudanai zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, ana noman shinkafa da alkama da tumatir da albasa rani da damina. Manomin Kadawa ba ya neman motar zuwa ɗaurin aure. Abin da yake nema shi ne abin da zai ɗauki kwandunan tumatir daga bakin gona zuwa Kwanar Gafan kafin rana ta dafa su, ko ya kai buhunan shinkafa injin casa, ko ya shigo da kayan miya kasuwar 'Yan Kaba da asuba. Wannan gajeriyar tafiya ce, daga Kura zuwa cikin Kano bai fi kilomita talatin da 'yan kai ba, kuma ita ce tafiyar da batir ya fi iyawa. Babbar motar da ke kai tumatir Ikko, wannan sai a bar ta da man dizal tukuna, ba mu ruɗin kowa. Amma keke mai ƙafa uku, da ƙaramar akori-kura, da bas ɗin haya, waɗannan su ne motocin talaka, su muke so mu gani in an yaye ƙyalle.

Abin nan kuwa mai yiwuwa ne, gama an gwada a Arewa. A Maiduguri wani matashi, Mustapha Gajibo, ya yi suna wajen cire injin fetur daga ƙananan bas-bas ya sa musu batir da farantin hasken rana. A watan Disamba na 2023 Gwamnatin Barno ta fito da motocin haya, har da tasi masu aiki da lantarki. A Sakkwato, hukumar kula da ƙera motoci ta ƙasa, a zamanin shugabancin Jelani Aliyu, ta buɗe wurin caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a watan Afrilu na 2021. In an iya kafa shi a harabar jami'a, me zai hana a kafa shi a tashar Kura, ko Kwanar Gafan, ko Dawanau, inda masu ɗaukar kaya suke yini? Ranar da ke ƙona mu a gona ita ce dai za ta cika batirin, kuma ba ta biyowa ta layin Shiroro.

Tambaya ta uku, batirin fa? Kowa ya san yadda batirin wayar hannu yake, shekara biyu ko uku sai ya fara saurin mutuwa. Na mota ya fi wannan daɗewa nesa ba kusa ba, amma shi ma yana tsufa, zafi kuma yana ƙara masa saurin tsufa, ga shi ƙasarmu ba baƙuwar zafi ba ce. Shi ne kuma abu mafi tsada a jikin motar. Sai a gaya mana a fili shekara nawa kamfani ya ɗauki lamuninsa, nawa ne sabo, a ina za a same shi, sa'an nan wane bakanike aka koya wa gyaran. In ɗan A Daidaita Sahu ya ci bashi ya sayi keke, batir ya mutu, ya zagaya Ƙofar Ruwa bai sami madadinsa ba, to an bar shi da bashi da kuma gawar ƙarfe a ƙofar gida.

Tambaya ta huɗu, mene ne namu a jikin motar? Dattawa suna tune da ma'aikatun haɗa motoci da Gwamnatin Tarayya ta ƙulla da Turawa a shekarun 1970: Peugeot a Kaduna, Steyr a Bauchi, Volkswagen a Ikko, da na manyan motocin Fiat a nan Kano kan titin Zariya. Yawancin kayan a akwati ake kawo su daga waje, mu dai ɗaure kusa ne namu. Da farashin ɗanyen mai ya faɗi a shekarun 1980, kuɗin waje ya yi wuya, akwatuna suka daina zuwa, sai yawancinsu suka durƙushe, ma'aikata suka koma gida. Yanzu ga dutsen litiyam, wanda da shi ake yin batirin, ana haƙo shi a Nasarawa da wasu jihohi, har an buɗe ma'aikatar tace shi a Nasarawa a watan Mayu na 2024. Shin za a yi batirin a nan ne, ko kuwa za a kwashe dutsen a kai waje a dawo mana da shi da tsada, kamar yadda aka yi da gyaɗarmu da fatunmu a zamanin da?

Ya ku 'yan'uwa, ga shawararmu. Ƙungiyoyin direbobi, da na manoman rani, da shugabannin kasuwanni, kada ku jira sai ranar biki a ba ku hula da riga ku yi tafi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku zauna tun yanzu ku rubuta tambayoyin nan huɗu, ku kai wa kansilanku da ɗan majalisarku, ku ce duk kuɗin jama'a da za a zuba a wannan harka a fara da wuraren caji na hasken rana a tashoshi da kasuwanni, a biyo da kekuna da motocin ɗaukar kaya da za a ba masu sana'a su riƙa biya kaɗan-kaɗan, ba tare da an tambayi mutum ɗan gidan wane ne ba.

In an yaye ƙyallen muka ga haka, mu ne za mu fara yabawa a wannan shafi. In kuwa motar manya ce aka sake kawowa, za mu buga kuɗinta, mu raba shi da albashin lebura na Naira 70,000 da aka sa a 2024, mu gaya muku shekara nawa ya kama.