Ruwa Ya Ci Gona, Kada Bashi Ya Ci Gida

A ƙasar Haɗeja manomi kaɗan ne ke shiga damina da kuɗin aljihunsa. Taki ya yi tsada, iri ya yi tsada, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ko tayar da injin ban-ruwa sai mai hali. Shi ya sa iyayenmu da yawa suke cin bashi, wani a banki, wani wurin ɗan kasuwar da zai sayi shinkafarsa ko riɗinsa da kaka. Mai ba da bashi kuwa ba ya bayarwa haka nan. Mai takardar gida ya ajiye takarda, wanda ba shi da ita ya jinginar da gona ko gidan da muke kwana a ciki.

In damina ta yi kyau, babu wanda zai ji labari. Amma mun san yankinmu. Kogin Haɗeja yana ɗauko ruwa tun daga dam ɗin Tiga da na Challawa a Kano, ga kuma ciyawar kachala ta toshe masa hanya. A 2020 da 2022 ambaliya ta cinye gonaki ta rushe gidaje a Auyo, Kafin Hausa, Guri, Kiri Kasamma da wasu ƙauyukanmu na Malam Madori. Ruwa ya janye, bashi bai janye ba. Daga nan rigima take tashi: mai kuɗi ya ce wa'adi ya cika, mai gida ya ce shinkafar da zai biya da ita ta ruɓe a ruwa. Manya suna ta cacar baki a zaure, mu yara muna ciki muna ji. Ɗalibin da bai san inda zai kwana wata mai zuwa ba, ta yaya zai riƙe lissafin da aka koya masa yau?

Ba mu ce mai bin bashi azzalumi ne ba. Guminsa ne, kuɗin banki ma ajiyar mutane ce. Kuma akwai masu cin bashi da niyyar ƙin biya. Bashin noma na Anchor Borrowers da Babban Bankin Najeriya ya fara a 2015, wasu sun ɗauke shi rabonsu ne daga gwamnati. Irinsu ne suka ja wa masu gaskiya aka daina yarda da uzurinsu.

Amma wanda kowa ya ga gonarsa ta zama tafki ba ƙarya yake yi ba. A darasin addini mun koyi cewa aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umarci a jira wanda yake cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Mun kuma koyi cewa abin da aka jinginar ba ya zama na mai bin bashi don kawai rana ta wuce. In ya zama dole a sayar, sai ya ɗauki iyakar kuɗinsa, ragowar ta koma wa mai gida. Wannan ne mutane da yawa ba su sani ba, har gidan da ya ninka bashin daraja ya salwanta a kan kuɗin taki.

Muna roƙon masu unguwanni da dagatai, duk shekarar da aka yi ambaliya su zaunar da ɓangarorin biyu tun kafin magana ta kai kotu, a ɗaga biya zuwa girbin noman rani, ko a raba shi kashi-kashi. Mai bin bashi ma ya fi samun kuɗinsa daga manomin da ya koma gona.

Mu ma da aikinmu. Aya ta 282 ta ce a rubuta bashi a kafa shaidu, amma iyayenmu da dama dangwala yatsa suke yi a takardar Turanci da ba a karanta musu ba. Mun iya karatu, ko ba haka ba? Mu karanta musu, in ta fi ƙarfinmu mu kawo wa malamanmu. Mu duba nawa ne kuɗin ruwa, yaushe ne ranar biya, ko akwai inshorar noma ta NAIC a ciki, kuma me takardar ta ce in ruwa ya ci gonar.